Yadda ake kashe ƙwayar leptosipira kafin ta zama rigakafin dabbobi: tambayoyin masu kiwo a Kumasi da amsoshinsu

Masu kiwo da mahauta da masu karnukan gadi a Aboabo da Asawase da sauran unguwannin Zango sukan kawo tambayoyi a kan allurar leptosipirosis, cutar da wasu ke kira ciwon fitsarin ɓera. Yawancin tambayoyin wuri guda suke komawa: tunda an ce ƙwayar da ke cikin kwalbar matacciya ce, me ya kashe ta, kuma me ya rage a jikinta da har zai kare dabba? Ga waɗanda suka fi yawan zuwa, tare da amsoshinsu daga mahangar mai aikin lafiyar dabbobi.

Wace irin cuta ce wannan, kuma ina ruwanmu da ita a Kumasi?

Ƙwayar bakteriya ce siririya mai murɗe-murɗe, bakinta a lanƙwashe kamar ƙugiya, sunanta Leptospira. Tana zama a ƙodar ɓera da kare da saniya da alade, tana fita ta fitsari. Idan fitsarin ya sami ƙasa mai danshi ko ruwa kwantacce, ƙwayar na iya yin makonni har watanni da ranta. Rana da bushewa suna kashe ta da wuri. Tana shiga jiki ta rauni, ko ta ido da hanci da baki, ko ta fatar da ta daɗe a cikin ruwa har ta yi laushi.

Kumasi kuwa damina biyu take gani a shekara, babba daga wajen Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba. Duk wanda ya san yadda rafin Aboabo yake cika ya shiga gidaje, ga ɓeraye a kasuwa da magudanan ruwa, ga shanu da ake saukewa kullum daga arewacin Ghana da Burkina Faso da Mali, ya san ba abin da cutar ta rasa a garin nan. A saniya tana jawo ɓari da haihuwar maraƙi rarrauna, nono ya ɗauke farat ɗaya, hantsa ta yi laushi, abin da aka tatsa ya fito rawaya da kauri. A kare tana lalata ƙoda da hanta, ido ya yi rawaya. Mutum ma yana kamuwa, kuma sau da yawa a ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne. Wani ƙiyasi da aka wallafa a 2015 ya ce mutum kusan miliyan 1 ke kamuwa a duniya kowace shekara, kusan 59,000 su mutu.

Mene ne antijin da kuke ta ambata?

Duk wani sashe na jikin ƙwayar cuta da garkuwar jiki ke gani ta riƙe kamanninsa, shi ne antijin. Jiki ya gan shi sau ɗaya, sai ya ƙera antibodi, wato sinadarin kariya da ke yawo a jini, wanda ya dace da shi, ranar da ƙwaya mai rai ta shigo sai a tare ta tun kafin ta bazu.

A jikin leptosipira iri biyu ne suka fi muhimmanci. Na farko wani sinadari ne na sukari haɗe da maiƙo da ya lulluɓe bayanta, masana na taƙaita sunansa da LPS. Shi ne garkuwar jiki ta fi gani, kuma tsarin sukarinsa ne ya raba leptosipira zuwa iri fiye da 250 masu jawo cuta. Hardjo na shanu ne, Canicola na kare, Icterohaemorrhagiae na ɓera, Pomona ta fi zama a alade da shanu. Na biyu furotin ne da ke dashe a fatar ƙwayar, irin su LipL32 da OmpL1 da LigA da LigB. Waɗannan sun yi kama da juna ƙwarai a tsakanin ire-iren, shi ya sa masu bincike ke kwaɗayinsu. Sai dai ba su da juriyar LPS ko kusa. A riƙe wannan bambancin, domin duk abin da zai biyo baya a kansa ya ginu.

Yaya ake haɗa rigakafin tun daga farko?

Ana renon ƙwayar ne a manyan tankuna cikin ruwan abinci na musamman. Wanda aka fi sani shi ne EMJH, mai ɗauke da furotin na jinin shanu da wani maiƙo, a ɗumin digiri 28 zuwa 30. Ba ta da saurin yaɗo. Inda wasu bakteriya kan ninka kansu cikin minti 20, ita sai ta ɗauki sa'o'i da yawa. In ta kai yawan da ake so, a kashe ta, a wanke, a auna, a haɗa iri biyu ko huɗu ko biyar a kwalba ɗaya. Na shanu galibi ana ƙara masa sinadarin da ke zaburar da garkuwar jiki, kamar aluminiyam haidiroksaid ko mai.

Malam, ni mahauci ne. Abin da ya mutu ya mutu. Ina ruwan jikin dabba da hanyar da aka bi aka kashe ƙwayar?

Ɗan'uwa, sana'arka ta riga ta ba ka amsa. Ka feɗe sa, ka zuba wa fatar gishiri ka shanya, mai shi zai zo bayan wata guda ya ce wannan fatar bajimina ce, ga roɗinsa, ga tabon da ke kafaɗarsa. Ka kai ta majema, za ta yi ƙarfi ta daɗe, amma gashi ya tafi, launi ya sauya, sai mai ido sosai zai shaida ta. Ka babbake ta ka dafa ta zama ganda, ko makiyayin da ya rene shi ba zai gane ta ba. Fata ɗaya ce, aikin da aka yi mata ne ya bambanta.

Garkuwar jiki ma da kamanni take aiki. Abin da mai haɗa rigakafi ke nema shi ne ya kashe ƙwayar sarai, kada ko ɗaya ta tsira, amma bayanta ya zauna yadda yake lokacin da take da rai. Buƙatun nan biyu suna jan juna. Ka tsananta don ka tabbatar ta mutu, ka ɓata kamanninta. Ka sassauta don ka kiyaye kamanni, wata ta tsira. Leptosipira kuma ta fi wasu wahalar sha'ani a nan, domin fatarta ta waje ba ta manne sosai ba, ko juyawa da tacewa da ƙarfi na iya saɓule ta.

To me zafi ke yi mata?

Zafi shi ne hanya mafi sauƙi, kuma ba ya barin wani sinadari a cikin kwalba. Leptosipira ba ta da juriyarsa. A ɗakunan gwaje-gwaje digiri 56 na rabin sa'a ya isa. Illarsa tana kan furotin, domin kowane furotin yana da yadda ya naɗe, kuma da wannan naɗin ne antibodi ke gane shi. Zafi na warware naɗin, furotin su cure wuri ɗaya, wasu ƙwayoyin su fashe. LPS kuwa ko an tafasa shi yana nan da kamanninsa. Saboda haka rigakafin da aka kashe da zafi yana iya kare dabba daga irin da aka yi shi da shi, amma rabon furotin a cikin wannan kariya ya ragu, kuma gwargwadon ƙarin zafi gwargwadon raguwar.

Fomalin fa? An ce shi aka fi amfani da shi.

Yana cikin waɗanda aka fi daɗewa ana amfani da su, a wannan rigakafi da wasu da dama. Fomalin ruwa ne da aka narkar da iskar fomaldihaid a ciki, kusan kashi 37 cikin 100, amma abin da ake zubawa a tankin ƙwayoyin bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Aikinsa ɗaurewa ne. Yana kama furotin ya ƙulla shi da na kusa da shi, ya ƙulla wannan da wancan, har duk abin da ke motsi a cikin ƙwayar ya tsaya cik. Ƙwayar ta mutu, amma in ka duba ta a madubin likita za ka ga siffarta tana nan da murɗinta.

Wannan ɗaurin shi ne amfaninsa, shi ne kuma aibinsa. Wuraren da fomalin ke kamawa a jikin furotin, musamman wani sashe da ake kira laisin, sau da yawa suna cikin wuraren da antibodi ke nema. In an ƙulle su, ko an rufe su da furotin na maƙwabta, jiki zai ƙera antibodi da ya dace da ƙwaya mai fomalin, wanda ba lallai ya kama mai rai da kyau ba. Yawan fomalin, da tsawon lokacin da aka bar shi, da ɗumin tankin, da tsamin ruwan, kowanne yana ƙara ko rage wannan ɓarna.

Akwai shaida a kan leptosipira kanta da masu gwajin jini suka daɗe da sani. Babban gwajin cutar, wanda ake kira MAT, ana haɗa ruwan jinin dabba ne da ƙwayoyi masu rai a ga ko za su dunƙule. Saboda haɗarin riƙe masu rai, wasu ɗakunan gwaji sun koma amfani da waɗanda aka kashe da fomalin. Sai aka lura sakamakon yana fitowa ƙasa da na masu rai, kuma ire-iren suna yawan shiga juna. Wato fomalin ya taɓa bayan ƙwayar, ko da ido bai gani ba.

Tarihin rigakafin mutane ya nuna haɗarin ta gefe biyu. A 1955 a Amurka, wani kason rigakafin shan inna da fomalin bai gama kashewa ba ya shanye yara, wasu suka mutu. A shekarun 1960 kuma, rigakafin ƙyanda da aka kashe da fomalin ya ba da kariya marar ɗorewa, wasu daga cikin waɗanda aka yi wa suka kamu da wata ƙyanda mai tsanani daga baya, har aka daina shi. Waɗannan ba leptosipira ba ne, amma daga irinsu aka koyi cewa ma'aunin fomalin ba abin wasa ba ne.

Akwai wasu hanyoyin ban da waɗannan biyun?

Akwai. Timerosal, wanda wasu suka sani da matiyolet, yana toshe sinadaran da ƙwayar ke rayuwa da su ba tare da ya ɗaure bayanta kamar fomalin ba, kuma yana zama a kwalba ya hana wasu ƙwayoyi tsirowa. Kusan rabin nauyinsa makuri ne, wato zaiba, shi ya sa ake sa ɗan kaɗan ƙwarai, wajen kashi 1 cikin 10,000.

Fenol tsohon hannu ne. Da shi masu binciken Japan suka kashe ƙwayar a 1916 suka yi wa ɓerayen Masar allura suka ga ta kare su. Amma yana da kaushi a kan furotin da fatar ƙwaya. Har yau in masu bincike na son su ware LPS shi kaɗai su rabu da furotin, fenol mai zafi suke amfani da shi.

Sai waɗanda ke kai hari ga ƙwayar gado, wato DNA, da ke can ciki, su ɗan bar bayan. Beta-furofiyolakton, da ake kashe bairos ɗin haukan kare da shi, yana cikinsu, kuma yana rushewa da kansa a cikin ruwa bayan ya gama aiki, ko da yake kafin ya rushe haɗari ne ga ma'aikata. Haka hasken gama (gamma), wani haske mai ratsa abu da ido ba ya gani, irin wanda Hukumar Makamashin Nukiliya ta Ghana ke da na'urarsa a Kwabenya don tsabtace kayan asibiti da adana abinci. An gwada shi a kan leptosipira a bincike, amma rigakafin da ke kasuwa sun fi dogara ga sinadarai da zafi.

A cikinsu wacce ta fi?

Ba wadda ta cinye duka. In ana maganar LPS, kusan dukansu suna barinsa, shi ya sa rigakafi daga kamfanoni daban-daban da hanyoyi daban-daban suke iya hana kare mutuwa. In ana maganar furotin, zafi mai yawa da fenol sun fi ɓarna, fomalin na tsakiya kuma ya danganta da hannun mai aunawa, masu kai hari ga ƙwayar gado sun fi sassauci.

Amma ni a ganina akwai abin da ake yawan tsallakewa. Hanyar kisa ba ta iya kiyaye abin da babu shi tun farko. Leptosipira da ta daɗe ana renonta a tanki tana rage fitar da wasu furotin, musamman LigA da LigB, waɗanda take baje su idan ta ji ɗumi da gishirin jikin dabba. Ƙwayar da aka kashe a digiri 29 cikin ruwan abinci ta riga ta sha bamban da wadda ke cikin ƙodar saniya. Saboda haka irin da aka zaɓa, da yadda aka rene shi, da abin da aka haɗa masa, duk suna da nauyi daidai da sinadarin da ya kashe shi.

Ta yaya kamfani ke sanin ƙwayar ta mutu kuma tana da sauran amfani?

Gwaji biyu ne. A ɗebi samfuri a zuba a sabon ruwan abinci, a jira, a duba ko wani abu ya tsiro. Sannan gwajin ƙarfi, wanda shekara da shekaru da hamsta ake yinsa, wata 'yar dabba dangin ɓera da cutar ke kashewa da sauri. A yi wa wasu allura a bar wasu, sannan a sa musu ƙwaya mai rai duka, a ga su wa za su tsira. Yanzu hukumomi a Amurka da Turai suna karkata ga gwajin ELISA, wanda ke auna yawan antijin a kwalba ba tare da an kashe dabba ba. Shi ma yana da sharaɗi: antibodin da ake aunawa da shi dole ya kama sashen da ke ba da kariya, kuma in aka sauya hanyar kisa sai an sake tabbatar da gwajin.

Karen gidanmu an yi masa allura, amma ya kamu. Jabu aka sayar mana?

Mai yiwuwa ne, amma akwai dalilai uku da suka fi wannan kusa. Na farko, allura ɗaya ba ta isa. Ɗan kwikwiyo ko babban karen da bai taɓa samu ba sai an yi masa biyu, tsakaninsu mako 2 zuwa 4, sannan a maimaita kowace shekara. Mutane da yawa suna tsayawa a ta farko. Na biyu, lokaci ya wuce. Sukari irin na LPS ba ya barin dogon tuni a garkuwar jiki yadda furotin ke yi, don haka kariyar ba ta shekaru ba ce kamar ta wasu allurai.

Na uku shi ne wanda ya fi damuna. Tunda LPS ne ke ɗauke da yawancin kariyar, kuma kowane iri da nasa, allurar tana tsare dabba ne daga ire-iren da ke cikinta da danginsu na kusa kawai. Tun shekarun 1960 allurar kare iri biyu take ɗauke da su, Canicola da Icterohaemorrhagiae. Daga baya Amurka ta ƙara Grippotyphosa da Pomona, Turai ta ƙara Grippotyphosa da Australis, kowa bisa abin da ke kashe karnukan ƙasarsa. Kwalbar da ta iso Kumasi an tsara ta ne da lissafin can. A karanta takardar a ga iri nawa ne a ciki. Kuma ina fata ɗalibai da malaman makarantun likitan dabbobi na jami'ar KNUST ta Kumasi da Jami'ar Ghana da ke Legon su riƙa ba da ƙarfi ga ware ƙwayar daga ƙodar shanu a mayankar Kaase da ɓerayen kasuwanninmu, domin da irin wannan aiki ne ake sanin kwalbar da ta dace da ƙasa.

Da gaske ne Noguchi na Legon yana da alaƙa da wannan ƙwaya?

Ƙwarai kuwa. Adolf Weil ya bayyana cutar a Jamus a 1886, Inada da Ido suka gano ƙwayar a Japan a 1915, Hideyo Noguchi kuma shi ya raɗa mata suna Leptospira. A 1918 a Guayaquil ta Ekwado ya sami leptosipira a jinin wasu marasa lafiya masu rawayan ido, ya yi imani ita ce ke jawo zazzaɓin shawara, har ya haɗa rigakafi da ita aka yi wa mutane. Cututtukan biyu suna kama da juna a ido. A 1927 aka samo ainihin bairos ɗin shawara daga jinin wani mutumin ƙasar nan mai suna Asibi, kuma daga shi aka samo rigakafin da ake yi har yau. Noguchi ya zo Accra don ya bi diddigin maganar, shawara ta kama shi, ya rasu a watan Mayu na 1928. An buɗe cibiyar bincike da ke ɗauke da sunansa a Legon a 1979. Rigakafinsa bai kare kowa daga shawara ba, kuma ba hanyar kashe ƙwayar ce ta gaza ba, ƙwayar ce ba ita ba ce.

Shanuna ba su nuna ciwo ba bayan allura. Ke nan sun tsarkaka?

Alhaji, a nan sai an yi hattara. Hana ciwo daban, hana ƙwayar zama a ƙoda daban. Hardjo ta saba da saniya, takan zauna a ƙoda da mahaifa watanni ba tare da an ga alama ba, tana fita a fitsari tana kama sauran garke da mai tatsa. Bincike a Amurka a ƙarshen shekarun 1980 ya nuna allurai masu iri biyar na wancan lokaci ba su hana irin Hardjo da ke yawo a garkunansu zama a ƙoda ba, duk da antibodi ya fito a jini. Allurar da aka yi daga baya mai ɗauke da Hardjo kawai ta fi tsarewa, kuma an ga ta tayar da wani ɓangare na garkuwar jiki, na ƙwayoyin jini da ake kira T, waɗanda furotin ke zaburarwa. Wannan na cikin dalilan da suka sa ake damuwa da kiyaye furotin lokacin kisa.

Allura kuma ba ta wanke ƙodar da ta riga ta kamu. Wannan aikin magani ne irin su sitireftomaisin ko oksitetirasaikilin, bisa umarnin likitan dabbobi. Sabon sa da aka sayo daga kara a ware shi tukuna kafin ya shiga garke.

Dakta, ba fomalin ake yi wa gawa ba? Za mu ci naman dabbar da aka sa mata shi?

Shi ne, Hajiya, kuma tambayar tana kan hanya. Bayan an gama kisa ana wanke ƙwayoyin ko a kashe kaifin fomalin da wani sinadari, kuma hukumomi sun sa iyaka ga abin da zai rage. Ɗan abin da ya saura a cikin mililita 2 na allura, jikin saniya yana sarrafa shi, domin jiki da kansa yana samar da fomaldihaid kaɗan-kaɗan a aikinsa na yau da kullum. Abin kiyayewa shi ne wa'adin da aka rubuta. Kwalabe da yawa na Amurka suna cewa kada a yanka kafin kwana 21 da yin allura. Mai turken Layya ya yi lissafinsa tun da wuri.

Me ya sa wasu karnuka ke kumbura fuska bayan allurar?

Sau da yawa ba ƙwayar ba ce, kuma ba sinadarin kisa ba ne. Ragowar furotin na jinin shanu ne daga ruwan da aka rene ta. A da, da ruwan jinin zomo ake renon, matsalar ta fi haka. Sababbin allurai an fi tace su. Ƙananan karnuka sun fi fuskantar abin, don haka a zauna kusa da asibiti rabin sa'a bayan allura, kuma in ya taɓa faruwa a gaya wa likita kafin ta gaba.

Zan iya haɗa ta da wata allura a sirinji ɗaya don a huta?

A'a, sai wadda kamfani ya haɗa da kansa. A allurar kare mai haɗe-haɗe, sau da yawa ruwan leptosipira ne ake narkar da garin da ke ɗauke da bairos masu rai da aka raunana, na cututtukan kare irin su fabo da distemfa. Da ragowar fomalin ko timerosal ya yi yawa a ruwan, zai kashe waɗannan bairos kafin allura ta shiga jiki. Saboda haka ake gwada kowane haɗi a tabbatar ruwan ba ya kashe abokin tafiyarsa. Ruwan wani kamfani da garin wani ba wanda ya gwada su tare. Haka sirinjin da aka wanke da sabulu ko maganin kashe ƙwayoyi yana iya ɓata allura.

Tunda matacciya ce, dole sai ta zauna a firji? Ga dumso, wato yawan ɗauke wuta.

Dole ne, tsakanin digiri 2 da 8. Duk kulawar da aka yi a masana'anta don kada furotin ya warware, kwalba ta kwana biyu a aljihun mota cikin rana sai ta rushe ta. Kuma ido ba zai nuna ba, ruwan zai zauna yadda yake.

Daskarewa ta fi zafi saurin ɓarna, kuma ita mutane suka fi faɗawa da kyakkyawar niyya. Wuta ta ɗauke, sai a tura kwalba cikin firiza ko a kwantar da ita kan ƙanƙara. In allurar na da aluminiyam, ƙanƙara na sa shi ya dunƙule, kuma ba ya komawa daidai ko ya narke. Ana iya ganewa: a girgiza kwalbar a ajiye. Lafiyayya za ta daɗe da gauraye kamar madara, wadda ta taɓa daskarewa za ta yi gudaji-gudaji ta kwanta da wuri, sama ya washe. Irin wannan a zubar. In za a yi tafiya da ita zuwa garke, a bar ƙanƙarar ta fara zufa tukuna, a sa kwali ko tsumma tsakaninta da kwalba. In wuta ta ɗauke, a bar ƙofar firji a rufe. Kwalbar da aka huda a ƙarar da ita a ranar. Kuma a saya a wurin da za a buɗe firji a gabanka a ɗauko, a nuna maka ranar ƙarewar aiki.

Ni da nake fiɗa da wanke kayan ciki, allurar dabbobin ta tsare ni?

Ta rage maka haɗari in ta rage fitar ƙwayar a fitsarin shanu, amma ɓera ba wanda ke yi masa allura, kuma shanun da ke zuwa mayanka ba ka san tarihinsu ba. Akwai rigakafin mutane a ƙasashe kaɗan, irin su Kuba da Faransa da Sin, shi ma na matacciyar ƙwaya ne mai tsare iri kaɗan. Ta dabba kuwa ba a yi wa mutum ita ko kusa.

Kariyarka takalmin roba ne, da safar hannu, da rufe duk wani yanka kafin ka fara aiki, da kiyaye fuska lokacin da ake fasa mafitsara ko ciro ƙoda. Mai taimakon saniyar da ta yi ɓari kada ya taɓa ɗan tayin da mahaifa da hannu tsirara. In zazzaɓi ya kama ka da ciwon kai da ciwon sha-raɓa da jan ido, musamman mako ɗaya ko biyu bayan ka shiga ruwan ambaliya, ka je asibiti ka faɗi sana'arka da bakinka, ko da gwajin zazzaɓin sauro ya nuna babu. Doksisaikilin da fenisilin suna aiki a kanta, kuma sun fi aiki in an fara su kafin ido ya yi rawaya ko fitsari ya ragu.